Daga Magana Jari Ce Zuwa Jumong: Tarihin Karatu da Kallo a Tsakanin Matasan Kaduna

Duk mai 'ya ko ƙanwa da shekarunta suka kama daga goma sha uku zuwa ashirin a Unguwar Rimi, Malali, Kawo, Badarawa ko Unguwar Dosa, da wuya a ce bai taɓa jin wani baƙon harshe yana fita daga wayarta ba. Idan ka leƙa sai ka ga samari bakwai suna rawa kamar igiya ɗaya ce ke jan su, ko wata budurwa tana kuka a ƙarƙashin laima, ga fassarar Turanci tana gudu a ƙasan allo. Koriyanci ne. Daga nan sai ƙorafin da kowa ya haddace ya biyo baya, wai yaran yanzu ba sa karatu, sai kallo da waƙa.

Mu ma mun yi wannan ƙorafi, mu da muka tashi a arewacin kogin Kaduna tsakanin shagon hayar littafi da akwatin talabijin mai ƙofa. Amma da muka zauna muka tuna baya, sai muka ga ai irin maganar da aka yi a kanmu ke nan, kuma kafin mu an yi ta a kan yayyenmu. Abin da ya canza shi ne sunan ƙasar da labarin ya fito. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin tun daga tushe, mu ga yadda littafi da kallo suka yi zaman tare a garin nan, domin mu san abin da za mu miƙa wa yarinyar da ta haddace sunayen 'yan BTS amma ba ta taɓa jin sunan Ganɗoki ba.

Garin baƙi da labaran aro

Kaduna gari ne da aka gina da baƙi. Turawa ne suka kafa shi a gefen layin dogo, suka maido hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Soja, leburan jirgi, akawu, malamin makaranta, ɗan kasuwa, kowa da inda ya fito. Garin da ba shi da ganuwa ba ya jin wuyar karɓar sabon abu, kuma hakan ya bi jinin matasansa har yau.

Littattafan da yaran Kaduna suka fara karantawa da boko daga Zariya suka zo. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin ya biyo sahu. An buga su ne domin waɗanda suka koyi karatun boko su sami abin karantawa, kuma akasarin waɗannan yara ne da matasa. Ke nan idan ana neman littattafan matasa na farko a Hausar boko, su ne waɗannan.

Akwai abin da muke yawan mantawa game da su. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, cike yake da labaran da aka ɗebo daga wasu ƙasashe. Akwai na Dare Dubu da Ɗaya, akwai tatsuniyoyin Jamus, kuma shi kansa akun da ke ba da labari don ya tsare yaro daga fita yana da asali a tsofaffin labaran Indiya da Farisa. Imam ya yi musu wankan Hausa, ya sa musu rawani da babbar riga, har ba mai ganin baƙuncinsu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga labarin wani jarumin Rasha aka samo shi. Littafin da muke ɗauka a matsayin ma'aunin Hausa tsantsa, ashe shi ne babban malaminmu a kan yadda ake aron labari a mai da shi ɗan gida.

Bayan haka Hukumar NORLA ta ci gaba da aikin a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC na Zariya ya karɓa daga 1966. A nan aka sami irin su Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da ya yi tafiya zuwa sararin samaniya, da Nagari Na Kowa na Jabiru Abdullahi. Duk wanda ya yi firamare ko sakandare a Kaduna a shekarun 1970 da 1980 ya san warin takardar waɗannan littattafai.

Silima, rediyo da akwatin talabijin

Littafi bai taɓa zama shi kaɗai a fili ba. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da fina-finan Indiya Arewa, suka kuwa karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Samarin Kaduna da ba su san kalma goma ta Indiyanci ba sun haddace waƙoƙi, sun raɗa wa jarumai sunayen Hausa, Amitabh Bachchan ya zama ɗan gida. Wani masani, Brian Larkin, ya yi rubutu a 1997 kan dalilin wannan shaƙuwa. Abin da ya lura da shi mun riga mun san shi a jikinmu. A fim ɗin Indiya akwai auren dole, akwai biyayya ga iyaye, akwai talaka da ya so 'yar mai kuɗi, akwai kunya. Duniya ce ta zamani wadda ba ta Turawa ba, kuma matsalolinta sun yi kama da namu.

A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda ya zama muryar Arewa baki ɗaya. Daga nan muka san Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, muka san Ƙasimu Yero a Karambana. Talabijin ɗin Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, yara da yawa a akwati suka fara ganin labaran kafin su nemi littafin. A rediyo kuma ga shirin Shafa Labari Shuni, inda ake karanta labaran da masu sauraro suka rubuto. Matasa nawa ne suka fara ɗaukar biro saboda suna so su ji an ambaci sunansu a wannan shiri? Tun a wancan lokaci kallo da sauraro suna tura mutane wajen littafi.

'Yan makarantar kwana kuma suna da nasu. Jerin littattafan Pacesetters na kamfanin Macmillan ya fara fita a 1977, kuma cikin na farko-farko akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule, ɗan Kano. Ƙananan littattafai ne masu shiga aljihu, labaran soyayya da 'yan sanda da 'yan damfara, an rubuta su domin matasan Afirka. Tare da su ake zagayawa da James Hadley Chase a ɗakunan maza, Mills & Boon a ɗakunan mata, daga hannu zuwa hannu har bango ya cire, shafin ƙarshe ya ɓace, sai wanda ya riga ka karantawa ya ba ka ƙarashen da baki.

Zamanin shagon haya

A 1980 NNPC ta buga littattafan da suka yi nasara a wata gasa tata, ciki har da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Ba a daɗe ba tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya suka koma kan littattafan makaranta. Sai matasa suka ɗauki abin a hannunsu, suna rubutawa suna kai wa maɗaba'a da kuɗinsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kwikwiyo da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991 ya zama ruwan dare. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni.

Kano ce kasuwar, amma Kaduna ba a bar ta a baya wajen karatu ba. Daga kasuwar Abubakar Gumi littattafan ke watsuwa zuwa ƙananan shaguna a Tudun Wada, Unguwar Shanu, Kawo da Rigasa. Ka ba da 'yan canjinka, a rubuta sunanka a wani tsohon littafin lissafi, ka tafi da na ɗaya, gobe ka dawo neman na biyu a ce wata ta riga ka. Mai shagon nan shi ne ma'aikacin laburaren unguwa, ko da yake ba wanda ya taɓa kiransa haka. Ya san ɗanɗanon kowa. Yana karɓar littafi daga hannunki zai ce, “Tunda wannan ya yi miki daɗi, ga wani irinsa, sai dai wannan sai kin yi kuka.” Da wannan 'yar magana aka raini masu karatun Hausa fiye da yadda kowace manhaja ta raina. Mata da yawa da aka cire daga makaranta a waɗannan littattafai suka riƙe karatunsu.

Suka kuwa an sha ta. Malamai da iyaye suka ce littattafan suna ɓata tarbiyya, suna koya wa 'yan mata bijire wa zaɓin iyaye, kuma kwaikwayon Indiya ne kawai. Babbar muhawarar ma a jaridun Kaduna aka yi ta. Ibrahim Malumfashi, wanda ya raɗa wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, yana gefe guda, Abdalla Uba Adamu yana ɗaya gefen yana kare marubutan, Ibrahim Sheme kuma ya buɗe musu fili a shafin adabi na New Nigerian ta ƙarshen mako. Shi Shemen ne ya kafa mujallar Fim a Kaduna a 1999, lokacin da marubuta da dama suka koma shirya fim, aka mai da In Da So Da Ƙauna, Ki Yarda Da Ni da Alhaki Kwikwiyo fina-finan bidiyo. A 2007 abin ya kai har aka ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Yau kuma su ne ake rubuta kundin digiri a kansu a jami'o'i, har da Jami'ar Jihar Kaduna da ke kan titin Tafawa Ɓalewa.

Yadda Koriya ta shigo gidajenmu

Koriya ta Kudu ba da ka ta mamaye duniya da fim da waƙa ba. Bayan durƙushewar tattalin arzikin ƙasashen Asiya a 1997, gwamnatin Shugaba Kim Dae-jung ta ɗauki al'adu a matsayin haja, kamar mota da talabijin, ta zuba kuɗi da dokoki don tallafa wa masu fim, mawaƙa da masu wasannin kwamfuta. Winter Sonata na 2002 ya kama Japan. Jewel in the Palace, labarin Jang-geum, ya fito a 2003 ya zagaya Asiya, Gabas ta Tsakiya da Afirka. Jumong ya biyo baya a 2006, kashi 81 cur.

Mu a nan ta faifan DVD suka fi iso mana, irin wanda ake cusa kashi goma ko fiye a faifai ɗaya, ana sayarwa a baro da bakin titi. Da farko duk “Chainis” muke ce musu, don ba mu bambanta su da fina-finan Bruce Lee da Jackie Chan. Jumong ne ya raba gardama. Gida guda sai a kwana ana kallo idan an kawo wuta, idan an ɗauke a tayar da janareta, uwa da uba da yara duk a tabarma ɗaya. Yaran unguwa suka koma yin kwari da baka da tsinken tsintsiya, duk wanda ya cika jarumta a ƙwallo a kira shi Jumong.

Ba abin mamaki ba ne. Ga sarki da fadawa, ga dawakai, ga 'yan uba suna gabar gadon sarauta, ga kishiyoyi suna ƙulle-ƙulle a cikin gida, ga yaro yana durƙusawa ya gai da babba. Wanda ya taɓa ganin hawan sallah a Zariya bai buƙatar a yi masa bayanin fadar Buyeo. Jumong ɗin ma mutum ne na tarihi, shi ake danganta wa kafa daular Goguryeo shekara 37 kafin haihuwar Annabi Isa. Jang-geum kuma sunanta yana cikin kundin tarihin daular Joseon a matsayin macen da ta zama likitar Sarki Jungjong. Wato daga tsofaffin littattafansu suka tono labaran da suka hana mu barci.

'Yan mata kuma Boys Over Flowers na 2009 ne ya kama su: 'yar talaka a makarantar 'ya'yan masu kuɗi, ga saurayi mai girman kai, ga uwarsa da ta rantse ba za a yi ba. Lee Min-ho ya maye gurbin Shah Rukh Khan a bangon littattafan makaranta. A 2010 aka buɗe Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja, inda ake koyar da harshen, ana kuma shirya gasar rawa da waƙa. A 2012 Gangnam Style na Psy ya zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube. BTS suka fito a 2013, Blackpink a 2016, shekarar da Netflix ta fara aiki a Nijeriya. Kafin nan wayar hannu ta riga ta kashe faifai. Shagon haya ya koma shagon tura fina-finai, ka miƙa waya ko memori a cika maka da fim mai dogon zango, na Koriya, na Indiya mai fassarar Hausa, da namu irin su Labarina da Izzar So. Zaman gida na korona a 2020 ya ƙara wa abin ƙarfi, Squid Game na 2021 kuma ya kai shi har bakin waɗanda ba su taɓa kallon fim ɗin Koriya ba.

Wani abin lura shi ne, tun bayan rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, jama'a suka rabu, kowa ya koma ɓangaren da yake jin ya fi aminci. Yaran da aka haifa bayan nan da yawa sun girma ba su da aboki a ɗaya hayin. Amma 'yar Malali da 'yar Barnawa fim ɗaya suke kallo, waƙa ɗaya suke ji, kuma idan jami'a ta haɗa su, sau da yawa daga nan hira ke farawa.

Damuwar iyaye ba ta banza ba ce. Akwai shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba a bidiyon waƙoƙin, akwai yawan shan giya a fina-finan, akwai ɗaukaka farar fata da siririn jiki da ke sa yarinya ta raina halittarta. Wasu fina-finan, kamar Squid Game, sam ba na yara ba ne. Ga kuma cin lokaci, kashi goma sha shida a kwana biyu, jarrabawa tana ƙaratowa. Dole a sa ido. Sai dai tarihin da muka bi ya nuna cewa hani shi kaɗai bai taɓa yin aiki ba. An hana silima, an ƙwace littafi a ƙarƙashin filo, an ƙona wasu, duk ba su hana komai ba.

Abin da Koriyawa suka yi da littafi

Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, a can inda abin ya fito, fim da waƙa suna tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da littafi. Boys Over Flowers daga littafin zane na wata 'yar Japan, Yoko Kamio, aka ɗauko shi. The Moon Embracing the Sun na 2012 daga ƙagaggen labarin Jung Eun-gwol ne. What's Wrong with Secretary Kim na 2018 labari ne da aka fara sakawa a intanet kashi-kashi, daidai yadda marubutanmu mata ke yi a WhatsApp da Wattpad. Pachinko littafin Min Jin Lee ne na 2017 kafin ya zama fim mai dogon zango a 2022.

Mawaƙan ma haka. Kundin waƙoƙin BTS mai suna Wings na 2016 an gina shi ne a kan Demian, littafin marubucin Jamus Hermann Hesse na 1919, game da yaron da ke neman sanin kansa. Matasa suka yi ta neman littafin don su gane abin da waƙoƙin ke nufi. Da aka ga jagoransu RM yana karanta Almond na Sohn Won-pyung a wani shirin talabijin a 2020, labarin yaron da ba ya iya jin tsoro ko tausayi kamar sauran mutane, sai masoyansu a ƙasashe da dama suka bazama nemansa. Gwamnatinsu kuma tana da hukuma ta musamman mai ɗaukar nauyin fassara adabin Koriya zuwa harsunan duniya. Lokacin da Han Kang ta ci kyautar Nobel ta adabi a 2024, shuka ce ta shekaru aka girbe.

Masu buga littattafai a Amurka sun gane wannan da wuri. Jenny Han ta rubuta To All the Boys I've Loved Before a 2014, aka yi fim ɗinsa a 2018. Maurene Goo ta rubuta I Believe in a Thing Called Love a 2017, labarin yarinyar da ta ɗauki dabarun fina-finan Koriya don ta jawo hankalin saurayi. Jessica Jung, tsohuwar mawaƙiyar Girls' Generation, ta fitar da Shine a 2020 kan wahalar da yara ke sha kafin su zama taurari. Ma'aikatan laburare a can sukan jera irin waɗannan littattafai kusa da sunan fim ko waƙa, su ce wanda ya so wannan zai so wancan. Dabarar mai shagon hayarmu ce ta Tudun Wada, sai dai su sun mai da ita aiki, mu kuma mun bar ta ta mutu.

Me za mu miƙa musu?

Ba za a ce Kaduna ta yi barci ba. A 2017 aka fara bikin littattafai na KABAFEST, a 2021 kuma ƙungiyar Open Arts ta Sada Malumfashi ta fara bikin littattafan Hausa na HIBAF a garin nan. Gidauniyar Yasmin El-Rufai tana koya wa yara rubutun ƙirƙira. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da sababbin marubuta. Kuma matasa suna karatu fiye da yadda muke zato, sai dai a waya suke yi. Giɓin da ke akwai shi ne na mai nuna hanya. Littafin da yawancin 'yan sakandare suka sani shi ne wanda hukumar JAMB ta ɗora musu, irin Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi ko The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, kuma abin da aka karanta don jarrabawa da wuya a so shi.

To ga abin da muke gani. Yaron da Jumong ya burge, a ba shi Ganɗoki, ya ga jarumin da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, da bakinsa mai cika fili. In ya gama a ba shi Shaihu Umar, ya bi yaron da aka raba da uwarsa aka ƙetara hamada da shi, da uwar da ta bi sawunsa. Wanda ke son labaran fada da makircin fadawa, Magana Jari Ce na ɗaya yana jiransa, da wazirin da ya ci amanar sarkinsa.

Yarinyar da ta yi kuka saboda Jang-geum, wadda aka tare wa hanya sau da yawa amma ilimi ya fid da ita, a ba ta Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, ta ƙi yarda rayuwarta ta ƙare a nan. Mai jin Turanci a ƙara mata da The Stillborn na Zaynab Alkali. Wadda Boys Over Flowers ya hana barci, a ba ta In Da So Da Ƙauna, ta ga yadda abin yake idan budurwar ce 'yar masu kuɗi, saurayin ne talaka. A haɗa mata da So Aljannar Duniya, inda ƙabila ce ta shiga tsakanin masoya. Manyan samari da suka kalli Squid Game suka ga abin da bashi da talauci ke sa mutum ya aikata, su nemi Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Masoyan BTS da ke jin waƙoƙin suna magana da su kan damuwa da matsin karatu, ba laifi a fara musu da Almond ɗin da gwaninsu ya karanta. Wanda ya gama littafi ɗaya da son ransa, shi zai tambayi na biyu.

Sharaɗin kawai shi ne mu san abin da suke kallo. Ba za ka ce wa yarinya wannan littafi ya yi kama da fim ɗinki ba alhali ba ka taɓa zama ka ga kashi ɗaya ba. Iyayenmu da suka zauna suka kalli Jumong tare da mu sun fi sanin inda za su ja mana kunne fiye da waɗanda suka kashe akwatin suka fita. Sannan littattafan su samu. Da yawa daga cikin waɗanda muka lissafa sai an sha yawo a kasuwa kafin a gan su, wasu sai kwafin da ya sha hannu. Wannan aiki ne na masu buga littattafai, da laburaren jiha, da makarantu, da mu masu rubutu a shafuka irin wannan.

Akwai kuma aikin marubuta. Yaran da suka girma da fina-finan Koriya su ne za su rubuta littattafan Hausa na shekaru ashirin masu zuwa, kuma alamar abin da suka kalla za ta fito a rubutunsu, kamar yadda Indiya ta fito a na shekarun 1990. Abin da zai raba mai kwafa da mai gwaninta shi ne yawan Hausar da ya karanta kafin ya fara. Abubakar Imam ya iya mai da labarin Bagadaza na gida ne saboda kunnensa ya ƙoshi da tatsuniya da karin magana tun yana yaro. Idan muna son 'yar Kawo ta yi wa labarin Seoul irin wannan wanka, sai mu tabbata Ruwan Bagaja ya shiga hannunta tun yanzu, ko a takarda ko a cikin wayar da take kallon.